Me Ya Hana Sojan ECOWAS Shiga Nijar?

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu da kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ba sojojin Nijar wa'adin mako guda su mayar da shi kan mulki, ko a far musu. Wa'adi ya cika, ko harsashi ɗaya bai tashi ba.

Masana siyasar duniya irin su Kenneth Waltz na Amurka suna ganin ƙasa ba ta da dangi, ƙarfi da tsaron kanta kawai take lissafi. A mizaninsu, Najeriya, wadda ke kan gaba a ECOWAS, ta auna tsadar yaƙi ne, ga Mali da Burkina Faso sun ce taɓa Nijar taɓa su ne, sai ta ja da baya. Wani masanin, Alexander Wendt, bai yarda ba. A ganinsa, kafin ƙasa ta san moriyarta, sai ta san ita wace ce, wa take ɗauka nata, wa take ɗauka bare. Misalinsa: makaman nukiliya 500 a hannun Birtaniya ba sa hana Amurka barci kamar guda 5 a hannun Koriya ta Arewa.

A batun Nijar, ni dai Wendt na bi. Jihohinmu bakwai ke iyaka da ita, daga Kebbi har Borno. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Wa za ka tura ya harbi wa? Sanatocin Arewa suka ce ba da su ba, limamai suka ɗauki maganar a huɗubar Juma'a. Jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, wanda ya ƙi karɓar tawagar ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zauna da Muhammadu Sanusi II, ya kuma saurari malaman da Sheikh Bala Lau ya jagoranta.

Sai dai kada zumunci ya ruɗe mu. Bai hana Abuja yanke wa Nijar wutar lantarki ba, bai hana rufe iyakar Illela da Jibiya ba, kayan 'yan kasuwa suka lalace a kan motoci. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Zumunci ya hana yaƙi kam, amma bai iya hana takunkumi ba.