Samari da tuƙi: daga rairayin Badar Gula zuwa kwaltar Maraɗi

A rahoton da ta fito da shi cikin shekara ta 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 ne ke rasa rayukansu kowace shekara bisa hanyoyin mota, kuma babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe yara da samari 'yan shekara 5 zuwa 29. In aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya shan wannan asara, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Ƙasar Nijar ta sabunta dokar hanya a 2014, akwai kuma hukumar ANISER da aka ɗora wa aikin wayar da kai. Abin dubawa shi ne yadda wannan aiki ke isa karkara irin ta Badar Gula, cikin gundumar Dakwaro ta jahar Maraɗi, inda noma da kiwo suka haɗu.

Saurayin wannan yanki ba a makarantar koyon tuƙi yake fara riƙe sitiyari ba. Karen mota yake zama tukuna, yana ɗaurin kaya, yana tura mota in ta kafe, har ranar da maigidansa zai ba shi ta ya juya a tasha. Wani kuwa babur ne malaminsa. Wannan koyo yana da amfani, don shi ke sanar da yaro halin rairayi da na inji. Amma ba ya koyar da alamomin hanya, ko wanda ke da izinin wucewa a mararraba. Idan ya je birni ya ci jarrabawa aka ba shi permi, sai a ɗauka an gama, nan kuwa hatsarin ke farawa: takarda ta ba shi ƙarfin zuciya, gogewa ba ta zo ba tukuna.

A cikin rairayi, direba ya saba da taka mai don kada ya kafe. Da ya hau kwaltar Dakwaro zuwa Tibiri, ƙafarsa ba ta manta wannan sabo ba. Lissafin kuwa ba wuya. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda, wato kafin ma direba ya kai ƙafa ga birki. In aka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata ninkuwa yake sau 4, kuma motar ranar kasuwa, da buhunan hatsi a ƙasa, fasinja a sama, ta fi haka nisa kafin ta tsaya. Ga amalanken shanu marar fitila da almuru, ga garken da ke ƙetare hanya. Raƙumi dai bai san dokar 2014 ba.

Bai kamata a ɗora wa samari laifin duka ba. Mai mota ko mai babur da ya yanka wa yaro kuɗin da zai kawo kowace rana, shi ne ya sa masa gudu da lodin wuce kima, ko da bai faɗa da baki ba. Faɗakarwar da ta tsallake masu abin hawa da shugabannin tasha rabi ce.

Hular kwano kuma, wadda masu babur ke ƙi saboda zafi, Hukumar Lafiya ta ce tana rage hatsarin mutuwa fiye da sau 6. Wannan ya fi nauyi a karkara: wanda ya fashe kai a ƙauye sai an kai shi asibitin Dakwaro, in abin ya yi tsanani a wuce da shi Maraɗi, jini na zuba duk tsawon tafiyar.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗiba wa ƙasashe 2021 zuwa 2030 su rage mace-macen hanya da rabi. Allunan Faransanci a Yamai ba za su kai Badar Gula ga wannan buri ba. Abin da zai yi aiki shi ne bayani da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a gidajen rediyon karkara da tasha ranar kasuwa, daga bakin tsofaffin direbobi da jandarmomi, da kuma sharaɗin cewa sabon mai permi ya yi watanni kusa da gwani kafin a ba shi fasinja shi kaɗai.