'Yan kwamfuta, fotal ɗin da kuke zagi gobe ku za ku gina irinsa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu nan Kudu. Maganar ta fi shafar 'yan kimiyyar kwamfuta, amma sauran ma ku tsaya, tunda fotal ba ya tambayar sashenka kafin ya ƙi buɗewa ranar rajista.

Ra'ayina shi ne: duk wanda zai gama digiri bai san kash ba, da sauransa. Yawancin furojet ɗinmu na ajin ƙarshe PHP ne da MySQL, su yi aiki lafiya lau a laftof ranar karewa, saboda mutum ɗaya ke dannawa. To ranar da dubban mutane suka danna tare fa?

Ga abin da ke faruwa. Duk ɗalibin da ya buɗe shafin kwasa-kwasai, sai manhaja ta je rumbun bayanai ta tambayo, rumbun ya bincika tebur-tebur ya haɗo amsa. Amsar nan iri ɗaya ce ga duk 'yan aji, amma sai an sake haɗa ta ga kowa. Kamar mai shayi ne da zai ruga gida ɗauko sukari duk sanda aka ce a haɗa kofi ɗaya. Mai hankali gwangwanin yana kan tebur. Kash kenan: amsar da ake yawan nema a ajiye ta kusa, cikin RAM, wadda ta fi faifan ajiya sauri nesa ba kusa ba.

Tsarinsa bai fi na wurin ajiye jaka a ƙofar laburare ba. Ka miƙa lamba, a miƙo maka jakarka, babu mai bincike. Mabuɗi ɗaya, abu ɗaya. Manhaja ta fara leƙa kash. In ta samu, shi ke nan. In babu, ta je rumbu ta ɗauko, ta bar kwafi saboda mai zuwa.

Kuma ba sabon abu ba ne. Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003 don shafin LiveJournal, Facebook ɗin nan da kuke karanta ni a kai ya daɗe yana dogara da shi. Redis kuwa wani ɗan Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya fito da shi a 2009. Ni Redis nake ba ɗalibi shawara, don ban da ajiyar amsa yana riƙe jeri, yana ƙirga, har yana iya adana kwafi a faifai. A 2024 sun sauya lasisi, sai wasu suka ɓalle da Valkey. Umarnin kusan duk ɗaya ne, kada wannan rigima ta tsayar da kai.

Amma fa inda ake kwaɓawa: ba komai ake zubawa a ciki ba. RAM da an ɗauke wuta ta manta komai, mu kuwa mun san halin wutarmu. Jerin kwasa-kwasai, jadawalin lacca, sanarwa, waɗannan su shiga. Kuɗin makaranta da makin jarrabawa, asalinsu na rumbu ne. Ka yi tunanin an gyara wa yarinya maki daga faɗuwa zuwa ci, kash na ta nuna tsohon, ita kuma tana ta kuka a hostal. Shi ya sa ake sa wa kowane mabuɗi wa'adi, ko a goge shi da zarar asalin ya canza. Wannan ɓangaren ya fi girka Redis wuya, shi ne ma ainihin karatun.

Wani zai ce matsalar fotal kuɗi ce, a sayo babbar saba kawai. Wani lokacin haka ne. Amma ƙatuwar saba da ke maimaita aiki ɗaya sau dubu, ɓarnar kuɗi ce.

Umarni uku sun isa farawa: SET, GET, EXPIRE. Ku ɗauki shafin da ya fi nauyi a furojet ɗinku, ku auna lokacin buɗewarsa kafin kash da bayansa, ku sa lambobin a babi na huɗu.