Bayan kuɗin fansa, wa zai biya kuɗin likita a Kagarko?

A ƙauyukan Kagarko, wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa da mutane akan yi masa barka da arziki, sai kowa ya watse. Rashin barci da firgitar da ke biyo baya kuwa, a bar shi da su, ko a ce iska ce. Iyalin da suka sayar da gona da citta don biyan fansa ba su da abin kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, balle su riƙa komawa.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta iso ƙauye ba. Kamata ya yi a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Kagarko da Jere su iya gane larurar, likita ya riƙa zuwa daga Barnawa, maganin kuma ya samu a farashin da manomi zai iya. Masu tsara kasafin wannan aiki suna Abuja, kuma ta Jere suke bi in za su Kaduna a mota.