Turmin Danya da Wayar Aljihu

A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Jarinsu bai taka kara ya karya ba, hoton kaset kuwa dishi-dishi yake. Duk da haka mutane suka saya, don sun ji Hausarsu a bakin 'yan gida. Daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe.

Wayar yayyenmu a Gumel ta fi waccan kyamara fitar da hoto. To, 'yan kulob ɗin dirama, me muke jira? Ga labari jibge a kasuwar Maigatari ranar Alhamis: dillalin shanu da rantse-rantsensa, da yaron da ke tallan ruwa alhali tsaransa suna aji. Sai dai mu nemi izinin mutum kafin mu ɗauke shi.