Keke a ƙasar inabi da rake: Abin da ya kamata a fara ginawa a Kudan, Maƙarfi da Ikara

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin sufuri ya sauya a gidajen talakawan Najeriya. Litar da ake saye kimanin Naira 190 ta haura Naira 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta zarce Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Magidanta da yawa sun jingine babura, suka kakkaɓe tsofaffin kekunan da suka daɗe a zaure, masu faci da gyaran kaca kuma suka sake samun ciniki. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

A ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara da ke arewacin Jihar Kaduna, dama keke bai taɓa ɓacewa ba. Da shi manomi ke zuwa fadama da asuba, da shi ɗalibi ke zuwa sakandaren da ke garin gaba, a kansa ake ɗaure damin rake ko buhun taki. Abin da tsadar mai ta yi shi ne ƙara yawan masu hawansa. Tambayar da ke gaban mahukunta a yanzu, lokacin da gwamnatin Gwamna Uba Sani ke ta ƙaddamar da ayyukan hanyoyin karkara, ita ce ko hanyoyin da ake shimfiɗawa sun san da zaman waɗannan mutane.

Abin da yankin ya mallaka

A ƙasashen Turai, irin wannan yanki dukiya ce ta yawon buɗe ido. A Faransa akwai hanyar keke mai tsawon kimanin kilomita 900 da ke bin Kogin Luwar, tana ratsa gonakin inabi da tsofaffin ƙauyuka, kuma masu masauki da gidajen abinci da masu hayar keke na cin abinci daga baƙin da ke binta. Abubuwa uku ne suka sa irin waɗannan hanyoyi suka karɓu: shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta gajiyar da mahayi, amfanin gona mai jan ido, da garuruwa masu tarihi da ba su yi wa juna nisa ba.

Duka ukun akwai su a wannan ɓangare na ƙasar Zazzau. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai ɗan hawa da gangara da duwatsu jefi-jefi. Ƙaramar Hukumar Kudan, wadda aka ƙirƙira a 1996 mai hedikwata a Hunkuyi, ta yi suna da noman inabi, har jami’anta na alfaharin cewa mafi yawan inabin da ake nomawa a Najeriya daga can yake fitowa. Maƙarfi gida ne na rake da mazarƙwaila, manyan motoci na lodinsa zuwa sassan ƙasar nan. Ikara kuma ƙasar tumatir ce da masara da barkono, inda kamfanin sarrafa tumatir da aka kafa a farkon shekarun 1980 ya yi shekaru a rufe kafin a farfaɗo da shi a 2014.

Ta fuskar tarihi, garuruwa irin su Kudan da Likoro da Paki tsofaffi ne, suna kuma tsakanin manyan biranen Zariya da Kano, inda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da komowa. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa yankin, ya bar tashoshi a Likoro da Gimi. Wanda ya hau keke da sanyin safiya a lokacin hunturu zai iya ganin rumfunan inabi da gonakin rake da tsohuwar tashar jirgi kafin rana ta take.

Inda kwatancen ya tsaya

Sai dai duk wanda zai ɗauko tsarin Turai ya dasa a nan ba tare da gyara ba zai sha kunya. Hanyoyin inabi na Faransa da Italiya an gina su ne a kan sana’ar giya da ɗanɗanarta. Inabin Kudan kuwa na ci ne, ana sayar da shi ɗanye, al’ummar da ke noma shi kuma Musulmi ne da ba su da hulɗa da waccan sana’a. Abin da baƙo zai samu a nan shi ne inabin da aka yanko a gabansa, ruwan rake, mazarƙwaila mai ɗumi, da hirar manomi kan yadda ake datse reshe da ɗaura shi a rumfa. Wannan ma abin sayarwa ne, amma kasuwarsa ta farko tana kusa: ɗaliban Jami’ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ma’aikatan Zariya da Kaduna da Kano, da makarantun da ke neman inda za su kai yara su ga noma da idonsu.

Bambanci na biyu ya fi girma. Bature ya gina hanyar kekensa ta shaƙatawa ne bayan ya gama da hanyar zuwa gona da kasuwa. A nan, mai keke yana raba kwalta ɗaya da tirela da motar haya da babur. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano, wadda ta ratsa Tashar Yari, an sake gina ta, motoci kuma sun ƙara gudu a kanta. Ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyuka da yawa burji ne, damina ta mayar da su taɓo, rani ya mayar da su ƙura. Waɗanda aka yi wa kwalta galibi siraɗa ne, gefensu ya zaizaye, ta yadda idan mota biyu suka haɗu, mai keke ne zai faɗa rami da kayansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara a duniya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A karkara, yawancin irin wannan hatsari ba ya shiga kundin kowa. A kai mutum asibiti ko makwancinsa, a ce ƙaddara, a wuce wurin.

Darasin da Najeriya ta ƙi koya

Ba yau aka fara kiran ’yan Najeriya su koma ga keke ba. A 2001, Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta wannan kira, har ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja, sai da mota ta ture shi ya faɗa kwata. Jama’a sun yi dariya, amma abin da ya faru ya nuna gaskiyar lamarin: an kira mutane su hau keke ba a tanadar musu inda za su bi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma kan yi jerin gwano a ranar. Washegari sai kowa ya koma motarsa, hanya na nan yadda take.

A fagen wasanni ma labarin ɗaya ne. Burkina Faso na gudanar da tseren kekenta na ƙasa tun 1987. Ruwanda ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karon farko a nahiyar Afirka, yawancin zakarunta kuma ’ya’yan karkara ne, wasunsu da dakon kaya da mutane a keke suka fara. Najeriya kuwa, a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ’yar wasanta Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin fili. Yaron da ke tuƙa keke ɗauke da damin rake daga Gubuchi zuwa kasuwar Maƙarfi yana da ƙarfin ƙafar da masu horarwa ke nema, babu dai wanda ya je nemansa.

Batun tsaro

Ba za a yi maganar gayyato baƙi ba a tsallake tsaro. Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba su shiga irin halin da Birnin Gwari da Giwa suka shiga ba, amma ba su tsira gaba ɗaya ba. Harin da ’yan bindiga suka kai wani masallaci a Saya-Saya da ke Ikara a farkon Satumban 2023, inda aka kashe masallata, bai gushe a zukatan mutane ba. Mai keke ya fi kowa rauni a hanya, domin ba shi da gudun tsira. Saboda haka duk wani shiri na hawan keke a rukuni dole ya kasance da rana, a hanyoyin da jama’a ke bi, da sanin hakimai da dagatai da jami’an tsaro. A wani gefen kuma, hanyar da mutane ke yawan bi ta fi wadda aka ƙaurace wa aminci.

Abin da za a iya yi yanzu

Na farko, duk sabuwar kwangilar hanyar karkara a yankin ta ƙunshi shimfiɗa gefen hanya da kwalta, mai faɗin da keke ɗauke da kaya zai bi ba tare da ya hau tsakiyar titi ba. Ƙara wannan a lokacin gini ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan dawowa a fasa daga baya. Kaduna na cikin jihohin da suka fara cin gajiyar shirin hanyoyin karkara na Bankin Duniya, don haka tana da ma’aikatan da suka san aikin, abin da ya rage shi ne a sa sharaɗin a takarda.

Na biyu, a sa abin rage gudu da alamomi a mashigar kasuwanni da makarantu, musamman inda ƙananan hanyoyi ke haɗuwa da babban titi. A kuma raba wa masu keke abin ƙyalli da fitila, domin da yawansu da duhun asuba suke fita, bayan magariba suke dawowa. Kuɗin wannan bai kai na walimar ƙaddamar da aiki guda ba.

Na uku, ƙananan hukumomin uku su haɗa kai. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk da cewa aiwatar da shi na tafiyar hawainiya, shugabanninsu ba su da hujjar cewa gyaran kwalbati da cike ramuka ya fi ƙarfinsu. Za su iya zana hanya guda da ta haɗa Hunkuyi da Kudan da Likoro da Maƙarfi har zuwa Ikara, su fara gyara wuraren da suka fi lalacewa.

Na huɗu, sai a zo ga biki. Tseren keke na shekara-shekara a lokacin girbin inabi da rake, da rukunin ƙwararru da rukunin masu keken gida, ƙarƙashin albarkar Masarautar Zazzau da kulawar Hukumar Tseren Keke ta Ƙasa, zai kawo masu saye har bakin gona. Wannan na da muhimmanci ga manomin inabi, wanda kayansa ba sa jure ajiya, abin da ke tilasta masa sallamawa ga dillali a farashin da aka yanka masa.

Jerin nan da gangan aka yi shi haka. Idan aka fara da biki, za a ɗauki hotuna a watse, manomi ya koma kokawa da tirela. Idan aka fara da gefen hanya da kwalbati da fitila, ko baƙo ɗaya bai zo ba, ɗalibin Kauran Wali da mai rake na Gazara sun amfana, kuma hanyar da ta amince wa manomi da kayansa za ta amince wa baƙo. Ana zuba kwalta a yanzu, abin da aka shimfiɗa a bana kuma da shi za a zauna shekaru masu yawa. Ya rage ga ’yan majalisar da ke wakiltar yankin da shugabannin ƙananan hukumomin su buɗe takardun kwangila su duba ko an bar wa mai keke wurin bi.