Sauro Ya Fara Gagarar Feshi, Mahukunta Na Nan Suna Ba Da Kwangila

Sanin kowa ne cewa da zarar damina ta kankama, kasuwar masu fiya-fiya da igiyar leko takan buɗe. Magidanci ya sayo, a feshe ɗaki, a rufe ƙofa, yara su kwana suna tari, amma kafin asuba sauro ya dawo yana kuka a kunne. Da yawa sukan ce ai jabu aka sayar masu. Wani lokaci haka ne. To amma akwai abin da ya fi jabu tayar da hankali, shi ne cewa shi kansa sauron ya fara jure wa gubar.

Yadda abin yake, duk lokacin da aka yi feshi, galibin sauro kan mutu, sai 'yan ƙalilan da Allah Ya halitta da juriya su tsira. Waɗannan ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Tunda daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba, cikin 'yan shekaru sai unguwa ta cika da jikokin waɗanda suka tsira. Ƙasar nan ta daɗe da ganin haka. A 1955, a yankin Birnin Kebbi, aka gano sauron zazzaɓin cizon sauro ya daina mutuwa da gubar dieldrin, alhali ba a fi shekara biyu da fara feshin gidaje a wurin ba. Yau kuma dangin guba guda, wanda masana ke kira pyrethroid, shi ne a jikin mafi yawan gidajen sauro, shi ne a leko, shi ne a gwangwanin feshi, shi ne manomi ke zuba wa wake da auduga. Ta yaya sauro ba zai saba ba?

Wanda ya fi kamata jama'a su sani shi ne sauron nan baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ake kira Aedes. Shi ke ɗauko shawara, da zazzaɓin dengue, da cikungunya mai kama gaɓoɓi. Bincike a Legas da Wagadugu ya nuna shi ma yana jure wa magungunan da aka saba. Kuma ba sai dare yake cizo ba. Da hantsi yake fita, da kuma bayan la'asar, daidai lokacin da yara ke zaune a Islamiyya da makarantun allo. Gidan sauro yana da amfaninsa, kada kowa ya yar da nasa, amma ba ya bin yaro makaranta.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Shawara ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017 daga Jihar Kwara. A 2019 ta yi kisa a Alkaleri ta Jihar Bauchi, har da ɗaliban da suka je yawon buɗe ido Yankari. A 2020 cikungunya ta kwantar da dubban mutane a Abeche ta ƙasar Cadi. A 2023 dengue ta kashe fiye da mutum 600 a Burkina Faso, kuma a watan Nuwamban shekarar aka tabbatar da ita a Sakkwato. Allah kaɗai Ya san adadin waɗanda aka ɗura wa maganin maleriya a kemis har suka cika, ba tare da an auna jininsu ba.

Abin takaicin shi ne inda wannan sauro yake ƙwai. Ya fi son ruwa mai kyau da ke zaune: randa, duro, jarka, tankin alwala, tsohuwar taya, gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. Me ya sa kowane gida ya cika da duro da jarka? Saboda famfo ya ƙafe shekara da shekaru. Gwamnatocin da suka kasa kawo wa talaka ruwa su ne kuma ke fitowa da motar feshi, a yi hayaƙi a bakin titi, a ɗauki hoto, a biya ɗan kwangila. Hayaƙin ba ya shiga randa, kuma wanda ya taɓa a waje ma ƙara masa juriya yake yi. Haka nan ɗakin haɗa alluran riga-kafi na Yaba da ke Legas, wanda a da yake yin ta shawara, an rufe shi tun 1991 da sunan gyara, alhali Senegal na nan tana yin tata a Dakar.

Game da allurar, ba a zargin iyayen da ke ɗari-ɗari. Wanda ya tuna gwajin maganin Pfizer a kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana da hujjar tambaya. Sai dai ta shawara ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1930 ake amfani da ita, guda ɗaya tana isar mutum tsawon rayuwa, kuma ana yi wa jariri ita kyauta yana wata 9. Hana yaro ita ba ramuwa ba ce ga azzalumai, don kuwa 'ya'yansu duk an yi masu.

Allah (T) bai raina sauro ba da Ya buga misali da shi a Suratul Baƙara, kuma ruwayoyi sun zo da cewa da shi aka kawo ƙarshen Namarudu. Saboda haka bai dace 'yan uwa su zauna jiran mahukunta ba. Kwamitin kowane masallaci da kowace Islamiyya zai iya ware rana guda a mako, matasa su zubar da ruwan tanki da randuna, su goge cikinsu da soso, domin ƙwan yakan manne a jikin mazubi ya yi watanni a bushe bai mutu ba. A rufe duro da murfi, a kife tayoyi ko a huda su. Maganin ƙwarin gona kuwa a fitar da shi daga ɗakin kwana. Wanda zazzaɓi ya kama da ciwon bayan ido da gaɓoɓi, ya guji asfirin da ibuprofen don suna iya jawo zubar jini, ya tafi asibiti ya nemi a auna shi.