Ranar hwarko ta ɗan Dumega a babban karatun kasuwanci

Labarin watan nan daga Dumega ya hito, cikin Dallol Mauri, ƙasar Tibiri wadda anka raba da Dogon Dutsi a 2011.

Wani saurayi na wani ƙauye kusa da Dumega ya gama lisansi, wato shekara 3 ta jami'a bayan bak. Bana ya samu wuri a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai don shi yi masta ta kasuwanci da tattalin dukiya, karatun da ƴan lakkol ke ce ma jestiyo.

Da ya kawo maganar gida, ubanshi bai yi murna ba. Ya ce mishi: "Kai yaro, kasuwanci a kasuwa ake koyon shi. Je ka Kamba ka ga alhazai masu mangaza cike da wake, wane benci sunka zamna?" Yaron ya duƙa ya ce: "Gaskiyarka, Baba. Amma ka tuna bankin cimaka na garinmu." Tsoho ya yi shiru. Kowa ya san yadda bankin nan ya mutu. An ba da hatsi bashi cikin damana, ba a rubuta ba. Da kaka ta zo, wanga ya ce tiya 5 ya amsa, ma'aji ya ce 10 ne, har zumunta ta ɓaci. Yanzu awaki ke kwana cikin mangazar. Bayan kwana 3 tsoho ya kai ɗan bijiminshi kasuwa ya saida, ya danƙa ma yaron kuɗɗin.

Uwarshi ita ce ma'ajiyar ƙungiyar mata masu man gujjiya. A wurin yaƙi da jahilci ta koyi rubutu da lissahi, tana da ɗiya 4 a lokacin. Daren tahiya ta ba shi ƙuli da yaji, ta ce: "In sun koya maka abin da ya hi kayena, ka zo ka gwada mini."

Ya bi ta Tibiri ya hita babbar hanya a Kore Mai Ruwa, ya wuce Doso da Birnin Gaure, ya sauka Yamai da dare. Da sahe ya ƙetare gadar Kenedi zuwa Harobanda, inda jami'ar take. An kahwa ta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 anka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin nan da anka haihwa a Tasawa a 1929, wanda ya yi suna wajen aiki da zahin rana, ya rasu a 1991.

Ranar hwarko ba a shiga darasi sosai. Rana ce ta tarbar sabbin ɗalibai da gwada musu hanya. An duba takardun kowa, an nuna musu azuzuwa da ɗakin littattahai. Daga nan anka tara su wuri guda, shugabanni sunka yi musu bayani. Karatun shekara 2 ne, zango 4, kowane zango da jarrabawarshi. Za su koyi lissahin shigar kuɗɗi da hitarsu, da tallar haja, da dokar kasuwanci, da sha'anin banki da bashi, da yadda ake tahiyar da ma'aikata. A zango na ƙarshe kowa za shi zamna wata ma'aikata shi ga aiki da idonshi, shi rubuta littahi, shi kare shi gaban malamai.

Ɗan Dumega ya duba hagu da dama. Ga ma'aikatan banki da kwat, ga ma'aikatan gwamnati da makullin mota a hannu, kowa da kwamhutarshi, Hwaransanci na zuba kamar ruwan Agusta. Gabanshi ya hwaɗi. Ya tuna bijimin tsoho, ya ce a ranshi ko dai kuskure ya yi.

Da la'asar wani malami ya shigo, ya ɗauki alli ya ba su misali. Ɗan kasuwa ya sayi buhun wake jika 20 da kaka. Bayan wata 5 ya kai shi birni ya saida jika 25. Ribarshi nawa? Wasu sunka yi dariya sunka ce jika 5.

Ɗan Dumega ya ɗaga hannu, muryarshi na rawa. Ya ce: "Malam, buhun da anka zuba waken hwa?" Malam ya miƙa mishi alli. Ya rubuta buhu mai riɓi 3 da ke hana ƙwari, jika 1. Kuɗɗin mota, jika 1 da rabi. Amalanke da ƴan dako, dala 100. Hayar mangaza, dala 60. Tikitin kasuwa, dala 40. Duka jika 3 da rabi. Abin da ya rage jika 1 da rabi, ba a ma hidda abincin hanya da kwanakin mai waken ba.

Malam ya tambaye shi inda ya koyi wanga. Ya ce a kayen innarshi. Ita ko gawayi da kwalba sai ta rubuta kahin ta ce an ci riba, kuma ba ta taɓa kuɗɗin ƙungiya don cehwanen gida. Malam ya juya ga aji ya ce tushen karatun ke nan. Ya ba su labarin Luka Paciyoli, mutumen Italiya da ya buga littahi a Benis a 1494, inda ya bayyana yadda ƴan kasuwa ke rubuta kowane ciniki wuri 2: inda kuɗɗi sunka hito da inda sunka tahi. Har yau bankuna da manyan kamhwanoni bisa wanga tsari suke.

Da dare ya kira gida. Ya ce: "Inna, yau kayenki ya hidda ni kunya." Ta yi dariya ta ce shi dai dage. Tsoho ya amshi waya ya tambaya ko an ba shi abinci.

To jama'a, maganar tsoho tana da gaskiya: alhazai da yawa sun yi arziki ba su shiga lakkol ba. Amma ku duba da kyau, da wuya ku ga babban ɗan kasuwa wanda ba shi da mai riƙe mishi littahi. Dukiyar mutum guda tana iya zama cikin kai. Dukiyar jama'a sai da rubutu, don kai shina mantuwa, baki shina musu. Doka ma haka ta ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci iri guda, kuma dokarsu ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa da anka amince da ita a Lome a 2010 ta yarda mutum 5 su kahwa ƙaramar ƙungiya, da kwamitin gudanarwa da kwamitin sa ido. Mai sa ido da bai iya karatu ba, mi za shi duba?

Ku kuma ɗalibai ƴan karkara da gida ya saida dabba dominku, kun san wanda ya ci ladan kuturu dole shi yi mishi aski. In hutu ya zo, ku zamna da ma'ajin ƙungiya ku duba kaye tare, shahi bayan shahi, ba tare da raini ba. Ɗan Dumega ya yi alkawarin littahinshi na ƙarshe kan bankunan cimaka na Dallol Mauri za shi rubuta shi. Garinsu na jira, mangaza na jira.

Iyaye maza da mata, aikin gona ya ƙare. Wurin yaƙi da jahilci za shi buɗe da rani. Kowa shi zo da kaye da bik a rubuta sunanshi.

Allah shi kai mu wata mai zuwa lahiya.